Rijiya Gaba Goma Sha Huɗu

"Kashe shi, Rabilu! Kashe shi kafin ya ƙone mana!" in ji Zahara'u.

Rabilu ya danna maɓalli, gurnanin famfon da ke tasowa daga cikin rijiya ya ɗauke. Wuri ya yi tsit. Mata sun kai arba'in a bakin garka, kowace da bokitinta, duk sun ɗaga kai suna kallon tankin da ke saman shato, dogon gadon ƙarfen da aka ɗora shi a kai, kamar masu duban watan Salla. Ko ɗigo bai shiga ba. Karo na uku ke nan tun hantsi.

Zahara'u ta matsa gindin shaton ta ɗora tafin hannu a jikin tiyo. Da sanyi. Ruwa dai ya hau, wannan babu gardama. Ta ce Rabilu ya hau tsani ya duba inda ya tsaya. Ya hau yana shafa tiyon, yana ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe, har ya kusa bakin tanki, sannan ya leƙo ƙasa yana washe baki.

"Shef, ga shi nan ya yi tsaye. Metir ɗaya tak ya rage masa. Ina jin kunya yake ji, ya ga surukai sun taru."

"Sauko kafin in sauko da kai da dutse."

Su uku suka zo daga jami'a a Damagaram, a hutun ƙarshen shekara. Dukansu ƴan Fadar Lissafi ne, wato zaman karatun da ɗaliban injiniya ƴan Magarya da Dungas suka kafa wa kansu a gindin wata bedi, da tabarma biyu da butar shayi da allon katako. Kowane babba yana jan ƙanana biyu. Zahara'u tana shekara ta huɗu, ita ke jan Rabilu ɗan shekara ta uku, mai ce mata Shef, wato shugaba, wanda bakinsa ya fi kansa sauri, da Nafi'u ɗan shekara ta biyu, wanda darasin ruwa da famfo ya kayar har sau biyu. Fadar tana da doka guda da ba a taɓa takawa ba: babba ba ya riƙe bik, wato alƙalami. Zai yi tambaya, zai yi tsawa in ta kama, amma amsa sai ta fito daga hannun ƙarami. Tana kuma da gado guda, wani ƙaton kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango da ya bi hannun ɗalibai shekara bakwai, kowa ya rubuta abin da ya gano ya bar wa na baya.

Garin Barau, wannan ɗan ƙauye na ƙasar Yekuwa, garin su Nafi'u ne. Shi ya kawo maganar rijiyar garkar mata, shi aka ba lissafin zaɓen famfon mai aiki da hasken rana, don Zahara'u ta ce in ya yi aikin da hannunsa sau ɗaya, darasin ba zai sake kayar da shi ba. Ga shi yanzu a tsugune a gindin pano, faifan da ke tara hasken rana, ya rungume kayen kamar mai jinya.

"Ke ƴar nan, injiniya."

Zahara'u ta juya. Gwaggo Baturiya ce, shugabar matan garka, kuma ƙanwar mahaifin Nafi'u. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ta ci ɗamara da gyale tun safe, abin da ya nuna ba sauraron bayani ta zo yi ba.

"Zo ki gani da idonki, kar a ce an faɗa miki."

Ta ja ta cikin garkar. Fangali sittin na albasa, dashen jiya da la'asar. Kawunan sun fara sunkuyawa, yashin da ke ƙarƙashinsu ya yi fari.

"Kun ce mu dasa, da safe ruwa zai zo har ya ishe mu. Mun dasa. Kun ce a cire sandunan guga, mun cire. Kun rufe bakin rijiya da siminti, kun bar ƴar kafa kamar ta ɓera. Kwana huɗu da amalanke muke ɗauko ruwa daga rijiyar gari, yau kasuwa ce, ko amalanke ɗaya babu, har jakin Malam ya tafi. To ki gaya min, da yawu za mu shayar da su?"

"Gwaggo, ki ba mu awa ɗaya."

"Na ba ku har azahar. Na riga na aika a kira Mainassara mai haƙar rijiya da gudumarsa. Ladan na buɗe baki zai fasa murfin nan, mu zaro wannan abin naku mai kukan banza, mu koma gugarmu. Ita ba ta taɓa jin kunyar tanki ba."

"In aka fasa murfin, ɓaraguzai za su faɗa wa famfon, ya lalace!"

"To ai yanzu ma ban ga gyaruwarsa ba."

Damina biyu matan nan suka yi suna ware gyaɗa kafin su mallaki famfon. Zahara'u ta koma wajen yaranta da saurin da ya sa mayafinta tashi.

"Nafi'u, buɗe sabon shafi. Daga farko."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. "Yaya, don Allah ki karɓi bik ɗin nan. Yau ɗaya dai. Ke minti biyu za ki gano."

"Ba na karɓa. Rubuta."

"Shef, gobara fa ake," in ji Rabilu. "In gida na ci ba a tambayar wa ke da izinin ɗaukar bokiti."

"Kai kuma je ka goge pano."

"Na goge sau biyu. Har fuskata na gani a ciki, na tausaya wa kaina."

Nafi'u ya rubuta. Daga bakin rijiya zuwa ruwa, metir ashirin da ɗaya. Tsawon shato, metir biyar. Jimla ashirin da shida. Takardar famfo ta ce yana tura ruwa har metir talatin. Ya ja layi a ƙasa ya dube ta.

"Sake."

Ya sake. Ashirin da shida. Ta ce Rabilu ya yi nasa daban, ba tare da ya leƙa ba. Ashirin da shida. Aka auna wutar da pano ke bayarwa, lafiya lau. Aka kwance wayoyi aka sake ɗaurawa. Aka bi tiyo taku-taku ana neman inda yake yoyo, babu. Rabilu ya ce a jira rana ta take tsaka, wai famfon ɗan hutu ne, sai da zafi yake aiki. Aka jira. Rana ta take, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, aka kunna. Famfo ya yi gurnani, ruwa ya hau, ya je daidai inda ya saba ya yi tsaye.

A nan ne salular Zahara'u ta fara ɓari a jaka. Ashe Rabilu ya kai ƙara zauren WhatsApp na fada. Saƙon murya goma sha ɗaya. Wani ya ce a juya pano gabas. Wani ya ce a'a, yamma. Wata ta ce kayan jabu ne aka sayar musu, ita tun farko ta faɗa, alhali ba ta faɗa ba. Wani tsohon ɗan fada da ke aiki a Yamai ya yi minti huɗu yana ba da labarin yadda suke yi a zamaninsu, bai taɓo maganar rijiya ba. Ta kashe salular gaba ɗaya ta jefa jaka.

Daga inuwar mangwaro wata tsohuwa ta ɗaga murya. "Ni dai na faɗa. Rijiyar nan ba ta son a rufe mata baki. Ko ke aka rufe miki baki kya ba da ruwa?"

"Ai ba laifin rijiya ba ne," wata ta amsa. "Ɗan gidan Ilyasu ne. Shekara biyu a jami'a, ya dawo mana da tankin ajiye iska."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Nafi'u ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa kayen.

Zahara'u ta tsuguna gabansa. Kanta ya fara sarawa. "Saurare ni. A cikin adadin nan, wanne ka auna da hannunka?"

"Shato. Da metir na auna, biyar cif."

"Zurfin fa?"

"Lokacin muna Damagaram ne. Na kira Baba Mainassara a salula, shi ya haƙa rijiyar. Ya ce gaba goma sha huɗu ne zuwa ruwa, rani da damina ba ta wuce haka."

"Ka mayar da shi metir da me?"

"Da kaye. Shafi na arba'in. Gaba ɗaya, metir ɗaya da rabi."

Ta gyaɗa kai ta wuce, ko shafin ba ta duba ba. Wannan kowa a fada ya san shi kamar Fatiha. Ta juya kan Rabilu.

"Kai da ka zura famfon, metir nawa na tiyo ya shiga rijiya?"

Rabilu ya sosa ƙeya. "Wato, Shef, na dai yi ta zurawa."

"Har yaushe?"

"Har na ji ya ce cuɓul. Sai na ƙara masa kaɗan don ya nutse sosai."

"Cuɓul." Ta rufe ido. "Shekara uku kana karatun injiniya, ma'auninka cuɓul. Ragowar tiyon fa? Mu auna shi mu cire."

"Na yayyanka shi na kai layin fangali. Na binne. Da kyau ma na binne shi."

Ta miƙe tsaye don kar ta yi abin da za a riƙa ba da labarinsa a Yekuwa. Haushin da ya rasa inda zai sauka ya sauka kan mai shiru.

"Nafi'u, ƙarfe ba ya ƙarya. In ruwa bai kai ba, wani wuri ka yi shirme. Wata uku ina zaune da kai a gindin bedi, ina barin nawa karatun, kullum abu ɗaya, sai an zo wurin da ake buƙatar kanka sai ka bar shi a ɗaki! Nemo kuskurenka!"

Da ƙarfi ta faɗa, kuma matan sun ji. Nafi'u bai ɗago ba. Can ya ce, a hankali yadda ita kaɗai za ta ji, "Yaya, in aka fasa murfin nan, ni ba zan koma Damagaram ba. Kawu Usaini ya daɗe yana cewa in je Maigatari in riƙe masa shago. Nan garinmu ne. Ke jibi kin tafi, ni kowace Salla sai na wuce ta gaban matan nan."

Ana haka sai ga Baba Mainassara ya ɓullo ta ƙofar garka.

Ba ta taɓa ganinsa ba sai a lokacin. Dogo ne har ya ɗan ranƙwafa, tsoho mai farin gemu, hannuwansa kamar taɓare, suna lilo har kusa da gwiwa. Guduma a kafaɗa ɗaya, sabuwar igiya a nannaɗe a ɗaya. Ya yi sallama, ya dubi shato, ya dubi murfin siminti, ya girgiza kai kamar wanda aka nuna wa jikansa da aski mara kyau.

"Su wa suka toshe wa ƴata baki? Ku ne masanan?"

"Baba, ina wuni. Don Allah ka ɗan dakata mana."

"Ni ba na gaggawa, jikata. Ladan yana can yana alwala, na wuce shi. Kafin ya gama bari in yanke wa matan nan igiyar guga, tsohuwar an ɗaure akuya da ita."

Ya ajiye guduma a kan murfin, ya kama bakin igiya da hannun hagu, ya ja da na dama ta kan ƙirjinsa har hannuwan biyu suka miƙe sarai.

"Ɗaya."

Ya saki, ya sake kamawa, ya sake buɗewa.

"Biyu."

Zahara'u ta juya za ta ce wa Rabilu ya sake duba fis ɗin wuta, sai ta fasa. Idonta ya tsaya a kan hannuwan tsohon. Daga ɗan yatsan nan zuwa wancan, sai ka ce ƙofar gareji.

"Uku."

Abin ya dawo mata tar, har da warin fentin ɗakin. Shekararta ta farko. An yi gardama a fada kan cewa mutanen ƙauye da gaba suke faɗin zurfin rijiya, to gaba metir nawa ce? Babbanta na lokacin ya ƙi faɗa, bisa doka, ya ce ta je ta gano. Ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, ta manna bayanta da bango, ta buɗe hannuwa, Saratou abokiyar ɗakinta ta yi alama da alli nan da can. Suka auna. Metir ɗaya da rabi, cif. Ta ji daɗin yadda adadin ya fito sumul, washegari ta rubuta shi a kaye da koren bik ɗinta, har da ja masa layi biyu. Zahara'u, wadda in za ta rubuta a saman allo sai ta taka bulo.

"Bakwai," in ji Baba Mainassara.

Shekara uku adadin nan yana zaune a shafi na arba'in. Ita da bakinta ta sa ƙanana sun haddace shi.

Babu suna a shafin. Hannu ya fi ashirin a cikin kayen, kuma rubutunta ya canza tun lokacin. Tana iya cewa kawai, a gwada kwance tiyo daga ƙasa a gani, ruwa ya zubo, a yi guɗa, a ce Shef ta ceci yara. Nafi'u kuwa ya zauna da tankin iskarsa har ya tsufa. Ta dube shi. Yana nan yana sake tara ashirin da ɗaya da biyar, karo na nawa oho, yana bin kowane adadi da ɗan yatsa kamar zai canza don tausayi.

Ta ja tsaki, wannan karon ba da kowa take ba.

"Baba, tsaya haka. Kar ka sauke hannunka. Nafi'u, ɗauko metir."

"Yaya?"

"Ɗauko metir na ce! Auna min daga wannan yatsan zuwa wancan."

Baba Mainassara ya tsaya a buɗe kamar shamuwa tana shan iska. "Riga za ku ɗinka min? In haka ne mai aljihu biyu nake so."

Nafi'u ya ja metir, Rabilu ya riƙe masa bakin. Ya duba, ya sake dubawa.

"Metir ɗaya da tamanin da biyar."

"To. Yanzu ni."

Ta tsaya a gefen tsohon, kanta bai kai hammatarsa ba, ta buɗe hannuwanta iya ƙarfinta a gaban matan Garin Barau duka. Nafi'u ya ja metir. Bai faɗi adadin nan take ba. Ya dubi metir, ya dubi kayen da ke ƙasa, ya dube ta.

"Faɗi mana," in ji ta.

"Ɗaya da rabi."

"Buɗe shafi na arba'in. Da wane bik aka rubuta?"

"Kore."

"Wa ka sani a fada da ba ta rubutu sai da kore?"

Rabilu ya saki bakin metir, metir ɗin ya koma cikin gidansa da ƙara. "La ilaha illallahu. Shef! Gabarki ce muke haddacewa shekara uku?"

Zahara'u ta juya wajen inuwar mangwaro, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga ɗazu, ba ragi.

"Gwaggo Baturiya, ku ji da kyau. Lissafin Nafi'u daidai yake, bai kuskure ko ɗigo ba. Ma'aunin da ya yi aiki da shi ni na rubuta, ni na koya masa. Baba ya auna rijiya da hannunsa, ni na fassara da nawa. Laifin nawa ne. Tsawar da na yi masa ɗazu ma kaina ya kamata in yi wa."

Sai tsohuwar nan ta fashe da dariya har da buga cinya, sauran suka ɗauka. Baba Mainassara ya sauke hannu yana share hawaye.

"Jikata, ai da gabarki na haƙa rijiyar nan da har yanzu ina ciki ban ga ruwa ba."

"Dariya ba ta shayar da albasa," in ji Gwaggo Baturiya, ko murmushi babu. "Mun ji mai laifi. Ruwan fa?"

Nafi'u ya riga ya durƙusa. "Goma sha huɗu sau ɗaya da tamanin da biyar. Kusan ashirin da shida. Da shato biyar, talatin da ɗaya." Ya ɗago. "Famfon talatin yake kaiwa."

"Metir ɗayan nan!" Rabilu ya yi tsalle. "Wallahi shi ne wanda na gani! Ashe ba kunya ba ce, numfashinsa ne ya ƙare!"

Daga cikin gari lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu. Baba Mainassara ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa, ya dubi Gwaggo Baturiya.

Amsar tana kan harshen Zahara'u, har tana ƙona ta. Ta cije leɓe. Ta harɗe hannuwa a ƙirji, gajerun hannuwan da suka jawo duk wannan.

"To, injiniya," ta ce wa Nafi'u. "Ba za ka iya rage zurfin rijiya ba. Ba za ka iya ƙara wa famfo ƙarfi ba. Me ya rage a hannunka?"

"Shef, don girman Allah ki faɗa kawai!" in ji Rabilu.

"Yi min shiru."

Nafi'u ya dubi rijiya. Ya dubi tanki can sama. Idonsa ya biyo tiyo ƙasa a hankali har gindin shato, inda aka haɗa tiyo biyu da mahaɗi, daga nan ya tsallaka kan tsohon komin siminti da ake zuba ruwan guga a da, taku uku daga wurin.

"Allahu akbar," in ji ladan.

Nafi'u ya zabura. Ya fizge ƙarfen da ke hannun Rabilu, ya faɗa kan mahaɗin, ya murɗa, ya ƙi, ya sa ƙafa ya murɗa. Ruwan da ke tsaye a tiyon sama ya kwararo masa a ka, bai ko goge ido ba. Ya ja bakin tiyon rijiya ya jefa cikin komi.

"Rabilu, kunna!"

Gurnani. Tiyon ya yi tari, ya tofar da iska, ya yi tari na biyu. Sai ruwa. Ba mai ƙarfin a zo a gani ba, kaurinsa bai wuce na rake ba, amma bai yanke ba, fari tas, yana bugun ƙasan komi da ƙarar da ta fi kowace guɗa daɗi. Guɗar ma ta biyo baya. Bokitai suka yi ca, Gwaggo Baturiya ta tsaya a kai tana raba layi da tsawa, fangalin gabas tukuna, su suka fi jigata.

Baba Mainassara ya mayar da guduma kafaɗa, da alamar an hana shi abin da ya so. "To ni da igiyata fa?"

"A ɗaure wata akuyar," in ji Rabilu.

Sai da aka idar da salla, fangali sittin suka yi baƙi da danshi, sannan su ukun suka zube a inuwar pano. Gwaggo ta aiko da kwanon fura ba tare da saƙo ba, ludayi uku a ciki. Nafi'u ya riga ya zana yadda za a kira mai walda daga Magarya ya rage ƙafafun shato, tanki ya sauko zuwa metir biyu. Zahara'u ta duba zanen sau biyu tana neman abin gyara, ta rasa, abin ya ɗan ba ta haushi.

"Yaya," in ji shi, bai dube ta ba. "Tun hantsi kike min faɗa."

"Na sani."

"A gaban Gwaggo."

"Na ce na sani. So kake in rubuta maka a allo?" Ta laluba jaka ta ciro koren bik ta miƙa masa. "Ungo. Gyara shafin. Ni doka ta hana ni."

Ya karɓa. Ya buɗe shafi na arba'in, ya soke layin da tsanaki, ya daɗe yana tunani, sannan ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: GABAR WA? JE KA AUNA.

"Shagon Maigatari fa?" ta tambaya.

"Kawu ya nemi mai dogon hannu."

Rabilu ya shaƙe da fura. Zahara'u ta ɗauki ludayi, ta kai bakinta ke nan, sai ƙarar moto ta tsaya a ƙofar garka. Wani mutum ya sauko, magidanci, da hula zanna da laka har gwiwar wando. Bai tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ya zaro salula daga aljihu yana shafa fuskarta da babban yatsa.

"An ce min a nan zan sami ɗaliban injiniya na Damagaram. Ni daga ƙasar Mallawa nake, ni ne shugaban masu garka na wajenmu. Ƙanena ya samo mana wannan a wani zaure, aka ce daga littafin masana ne, da shi muka yi lissafi."

Ya juyo da salular. Hoton shafi ne, an ɗauka a karkace, da ɗan yatsan mai ɗauka a gefe. Koren rubutu, layi biyu a ƙasa.

Zahara'u ta ajiye ludayin. Ta juya a hankali wajen Rabilu. Rabilu ya riga ya miƙe, yana ja da baya wajen tsanin shato.

"Shef, ilimi ai ba a ɓoye shi. Zaure uku kawai na tura, tun muna Damagaram. Ko huɗu."

"Rijiya shida," in ji mutumin. "Famfo shida muka zura jiya. Duka kuka suke, babu wanda ya kawo ruwa, kuma mun riga mun yi dashe. Wane ne babbanku a nan?"

A karo na farko tun safe, babu wanda ya yi gardama. Nafi'u da Rabilu, har da Baba Mainassara da ke wucewa da gudumarsa, duk suka nuna Zahara'u.